Layi Biyu

Meshach yana wanke motar ofis a ƙofar gidansu da ke unguwar Kurudu, ranar Asabar da safe, sai ya ji ihun matarsa Felicity daga banɗaki. Ya yar da soso ya ruga ciki.

Duk sanda ta ɗaga murya, ƙodarta yake fara tunawa. Shekara huɗu ke nan da ƙafafunta suka kumbura, fitsarinta ya riƙa kumfa. A asibiti aka kwantar da ita rub da ciki, aka soka mata doguwar allura ta baya, aka ciro ɗan nama daga ƙodar don gwaji. Da sakamako ya fito, likita ya zaunar da su, ya ce ƙodar ta yi rauni sosai. Ɗaukar ciki zai iya ƙarasa ta, ya tafi da mai ita.

Felicity ta ce likita ba Allah ba ne. Meshach kuwa ya san matarsa, in ta sa abu a gaba sai ta ga ƙarshensa.

Wata ya bi wata, shiru babu ciki. Matan da take sayar da kifi tare da su a kasuwar Kado suka ce allurar nan ce ta huda mata mahaifa. Ta yarda. Ta sha kuka, ta yi azumi, zumuntar mata ta cocinsu ta zo har gida ta yi mata addu'a. Meshach ya kai ta hoto, ya kai ta gwajin jini, duk inda ta nuna. Ko'ina amsa ɗaya ce: allura ba ta je kusa da mahaifa ba, ta wannan fannin lafiyarta ƙalau. Wata likita ta ce shi ma maigidan ya zo a duba shi. Ranar da aka sa, aikinsa na direba ya kai shi Lokoja. Aka sake sa rana, ogansa ya sake yin tafiya.

Bara Felicity ta daina kuka. Ta daina zancen asibiti, ta daina roƙonsa. Ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka ta haƙura.

Ya same ta tsaye, riƙe da ɗan tsinken gwajin ciki.

"Layi biyu, maigida! Ciki ne! Duba!"

Ya duba. Ta rungume shi, ta ɓoye fuskarta a kafaɗarsa.

"Ba ka ce komai ba," in ji ta. "Ƙodar kake tsoro? Allah zai riƙe ni."

"Zai riƙe ki," ya ce, da wata murya kamar ba tasa ba.

Ya zauna a bakin gado. Tsoron ƙodar na nan, amma yau ba shi kaɗai ba ne. Akwai tambaya a bakinsa, sai dai ba shi da fuskar yin ta. Domin mako biyu bayan gargaɗin likitan ƙodar nan, don kada ya binne matarsa, Meshach ya je wani asibiti a ɓoye aka ɗaure masa jijiyar haihuwa, gwaji biyu kuma suka tabbatar ba zai iya yi wa mace ciki ba.