Mariƙin Wuƙa da Keken Yaya

Kai da kullum kake cewa sai ka gama shiri za ka je gaishe da gyatumarka, zauna in ba ka misali.

An yi wani dattijo da ya yi ritaya daga masaƙa, ya sayi tsohon injin juya ƙarfe ya girke a zauren gidansa. Ba don neman abinci ba, sha'awa ce kawai. Irin injin nan ne da ake ɗaura sandar ƙarfe yana juya ta, wata 'yar wuƙa tana fere ta kamar ana fere rake. Mutum ne mai hannu, wannan kam ba a raba shi da ita, sai dai in ya ga ɗan karce a jikin aikinsa, ranar ko tuwo ba ya masa daɗi. Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ciwon suga ya cinye wa ƙafafu. Abin da ya rage wa wan nan a duniya keke ne mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Da shi yake zuwa masallacin Juma'a, da shi yake zuwa gindin darbejiya inda tsofaffin abokansa ke hira. Wata rana sandar da ƙafar baya ke juyawa a kanta ta karye. Wan ya ce a kai kasuwa a yi wata. Ƙanen ya ji abin har cikin ransa, ya ce, "Haba Yaya, ina da inji a gida a kai wa wani? Bari dai in ƙera mariƙin wuƙar tukuna, nawa ya tsage." Ya samo guntun ƙarfe wurin 'yan gwangwan, ya yanke, ya huda, ya sa noti. Mariƙin ya kama wuƙa gam, da ya ɗora aiki a ranar da an wuce wurin. Amma ya juya shi a hannu ya ga gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya kauri, ya jefar. Na biyu ya ce notin bai zauna a tsakiya ba. Na uku ya yi kyau, sai ya ce saura gogewa.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Wan yana kan tabarma a tsakar gida, yana jin ƙarar magagari daga zaure, yana jin huɗuba daga nesa a lasifika. Bai taɓa yin ƙorafi ba, kunyar ƙanensa yake ji. In ya gan shi sai ya yi murmushi ya ce, "Auta, yaya mariƙi?" Shi kuma ya ce, "Saura ƙiris." Abokan hira suka zo dubiya sau ɗaya, sau biyu, amma su ma tsufa ya ci ƙarfinsu, ƙafa ta ɗauke. Mutumin da ya saba da shan iska da gaisuwar hanya ya koma kallon bango. Abinci ya daina shiga. Ranar da mariƙin ya fito yana sheƙi har mutum na ganin fuskarsa a jiki, ƙanen ya shigo da shi cikin gida da murna zai nuna, ya tarar mata sun kewaye tabarma suna salati. A cikin makara wan ya koma masallacin da ya yi ta marmari.

Bayan addu'ar bakwai ƙanen ya shiga zaure, ya ɗaura wuƙa a mariƙin, ya fere sandar. Tsakanin azahar da la'asar ya gama, kuma wannan shi ya fi ci masa rai. Ya sa ta a keken, ya juya ƙafar, ta yi ta juyawa ba gargada ba ƙara. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara, furfura da komai. Har ya mutu bai ƙara kunna injin ba, keken kuma yana nan a zaure lafiyarsa ƙalau, ba mai hawa.

To ka ji. Tashi ka tafi da abin da ke hannunka, ko goro ne. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira a rasa ido.