Maƙerin da Ya Ƙona Sandar Awonsa

Ka ce manhajojin shiga intanet sun cika waya, kyauta ne, har an buɗe cikinsu kowa ya leƙa ya kwafa, to ina abin damuwa? Hmm. Alhaji, gyara zama. Ni ban ce kyauta laifi ba ce, amma ka kifa su tukuna ka ƙirga injin da ke jan su.

A wani gari an yi maƙera uku masu haɗa amalanken shanu, kowa da sandar awonsa, wato faɗin da yake bari tsakanin taya da taya. Ɗayansu siririya yake yi, awon da ya gada wajen kakansa, don ita kaɗai ke kutsawa ta burtalin fadama inda shinge ke gogar shinge. Kullum suna cikin gasa, wannan ya ƙara ƙarfi, wancan ya rage nauyi, manoma na shan daɗi. Rannan babbansu, mai ma'aikata arba'in da rumbuna a kasuwa, ya rataye sandarsa a ƙofar maƙera, ya ce kowa ya auna, ya kwafa, ya gyara yadda ya so, ba ya neman ko sisi. Gari ya ɗauki sa albarka. Kuma tsakani da Allah amalankensa na da kyau. Maƙeri na biyu ya ce wahalar me, ya yar da tasa sandar, ya kwafi ta babba, ya shafa koren fenti, ya rubuta sunansa. Kafin ka ce kwabo amalanke sun cika gari, ja da shuɗi da kore, kowace da kirarinta a baya, amma ka duƙa ka leƙa ƙasa, faɗin ƙafarsu ɗaya ne. Mai siririya ya yi tsaye kan tasa, ana yi masa dariya ana ce masa tsohon yayi. Da damina ta cinye kadarkon da ake bi a shiga kasuwa, aka yi gayya, aka shimfiɗa azara biyu, taya ɗaya a kan kowace. Da wace sanda aka auna tazarar? Da wadda ke rataye a ƙofa mana. Babu wanda ya yi da mugunta, kawai ba a tuna a gwada siririya ba. Ran kasuwa amalanken mai siririya ta zo, ƙafa ɗaya ta hau, ɗaya ta faɗa rami. Masu saye suka riƙa zuwa suna sosa ƙeya, suna cewa, "Baba, aikinka ba shi da na biyu, amma ba ya haye kadarko." Ya yi shekara biyu yana haɗiye takaici, maƙerarsa ta yi tsit, har gizo-gizo ya yi saƙa a zugazugi. Wata safiya ya ɗauki sandar kakansa, ya dube ta, ya tura ta cikin gawayi, ya tafi ƙofar babba ya auna kamar kowa.

Bayan 'yan shekaru babban ya ƙara wa tasa sandar taki guda, don buhunan rumbunansa sun ƙaru. Bai tilasta wa kowa ba, ai tsohon awon ma yana nan ga mai so. Sai dai shi ke da hannu arba'in, amalankensa suka fi yawa a hanya, aka sake buɗa azarar kadarko, dole kowa ya bi. Sabuwar amalanke kuwa ko kanta ba ya shiga burtalin fadama. Shekarar aka yi albasa kamar ƙasa, ciki har da gonar tsohon maƙerin. Aka dinga jido a ka, kwando-kwando, rabi ya ruɓe a kan kunya, wari ya cika fadama. Manoman da suka yi masa dariya suka zo suna roƙo ya haɗa musu siririya ko guda. Ya yanko sanda, ya zauna da ita a cinya tun hantsi har la'asar. Ashe bai taɓa ƙirga awon ba, sandar ce ta sani, ita kuma ta zama toka. Ya ajiye icen, hawaye na bin gemunsa, ya ce su yafe shi.

To Alhaji, in inji ɗaya ya rage a ƙarƙashin manhajojin nan, masu gina shafukan intanet a kansa za su auna, kuma ranar da mai shi ya faɗaɗa, kai da kyautarka sai ku bi. Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.