Farin Kallabin da Na Goge

"Nuna min hoton mai kallabin," in ji tsohuwar da ta ba mu masauki, tana goge hannu a jikin rigarta.

Kwana biyu ni da abokan tafiyata muna cin burodinta, muna shan nonon goɗiyarta, tun da ruwan sama ya kwantar da tantinmu. Ban taɓa barin Bishkek, babban birnin ƙasarmu, na kwana a kan duwatsu ba sai wannan karon, da sabuwar kyamara rataye a wuyana. Jiya ta ɗaura farin kallabinta na zuwa biki, ta tsaya ƙyam a ƙofar bukkarta, ta ce in ɗauke ta a tura wa ɗanta da ke leburanci a Rasha.

Da safe kyamarar ta cika, na goge wannan hoton don bai burge ni ba.

Na rasa ƙaryar da zan yi, na shiga danna mata sauran hotunan. Ga ta a duƙe tana tsintar kashin shanu na hura wuta, ga yagaggen takalminta, ga fason hannunta. Duk ba da saninta na ɗauka ba.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ƙara min shayi.

"'Yar nan, kada ki tura masa waɗannan. Ce masa na yi hutawa nake."