Ƙarfen Ɗakin Baya

"A kula da kai, ƙofar gajera ce," in ji Bahijja, amma kafin ta rufe baki mahaifinta ya riga ya sunkuya ya shige.

Yau ce ranarta ta farko ta zagayawa da baƙi a Gidan Madugu Lawal da ke Koki, tsohon gidan fatake da magada suka sallama aka mayar da shi gidan tarihi. Baƙin ba su da yawa: malaman makaranta mata su uku, wani mai kyamara da ya zo daga Legas, sai mahaifinta Malam Isiyaku. Shi kaɗai ne a gabanta. Sauran in sun ga dama su yi ta hamma.

Malam Isiyaku tela ne a Hotoro, irin mutanen da sai ka wuni da su ba ka ji muryarsu ba. Bai taɓa dukanta ba, bai taɓa yi mata tsawa ba, amma kuma bai taɓa ce mata madalla ba. Ta yi saukar Alƙur'ani, ya gyaɗa kai. Ta gama jami'a, ya gyaɗa kai. Abin yana cin ta a rai tun tana ƙarama, kuma yau ta ƙudurta sai ta ji kalmar nan daga bakinsa.

Dangi ba shi da su. Ya ce shi maraya ne daga wani ƙauye, ya bar maganar a nan. Cikin gari kuwa ba ya shiga, ko zare ne ya ƙare masa sai dai ya aika a sayo a kasuwar Kurmi. Da ta faɗa masa inda ta sami aiki, ya daɗe yana kallon keken ɗinkinsa. Ta roƙe shi ya zo ya ga aikinta, ta yi kuka, ta haƙura. Da safen nan sai ga shi ya sa babbar riga da safarsa da ba ya rabuwa da ita ko ana tsananin zafi, yana jiran ta a ƙofar gida.

A zaure ta fara. Ta yi bayanin raƙuman da ke sauke kaya a ƙofar gidan, da goron Gwanja, da fatun da ake kaiwa arewa. Harshenta bai sarƙe ba ko sau ɗaya. Sannan ta nuna hoton wani dattijo mai rawani.

"Wannan shi ne Alhaji Abdulbaqi, jikan Madugu, mai gidan na ƙarshe. Ɗansa namiji ɗaya ne tak, Zaharaddeen. Yana saurayi ya tafi aikin Hajji ta mota, Allah ya yi masa rasuwa a hanya, ko gawarsa ba a gani ba. A wannan zauren aka karɓi gaisuwa. Daga nan gidan bai sake tashi ba."

Malaman suka ce Allah sarki. Bahijja ta saci kallon mahaifinta. Ƙasa yake kallo, ko hoton bai ɗaga ido ya duba ba. Ranta ya ɓaci. Wato ya zo ne kawai don ta daina damun sa.

Suka ratsa tsakar gida, suka leƙa turaka, suka ga jeren tasoshi a ɗakin uwargida. Ita tana ƙara ƙoƙari, shi yana ƙara ja baya. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ta ce a ranta tsufa ne da zafi, kuma ta ji kunyar fushin da ta yi.

Ɗakin ƙarshe yana can baya, bayan bargar dawakai. Ba taga, sai wata 'yar kafa kusa da azara. A tsakiyar daɓen an kafa ƙarfe, da sarƙa gajera da mari a bakinta.

"A nan ake ɗaure bawan da ya yi yunƙurin gudu, tun kafin zuwan Turawa," in ji ta. Haka magadan gidan suka faɗa, haka aka koya mata.

Mai kyamara ya zura ƙafarsa a marin, ya ɓata fuska, ya ce a ɗauke shi hoto. Malaman suka ƙyalƙyale da dariya. Sarƙar ta yi ƙara a kan daɓe. Malam Isiyaku yana tsaye daga waje, ya dafa bango.

Da baƙin suka watse, Bahijja ta dawo neman sa. Ta same shi a cikin ɗakin, zaune a ƙasa da babbar rigarsa, ya jingina da bango daidai inda sarƙar ta ƙare.

"Baba, ba a zama a nan. Ka tashi, don Allah."

"Kin iya aikinki, Bahijja," ya ce. "Madalla."

Ga kalmar ta samu, amma maimakon murna sai tsoro ya kama ta. 

"Sai dai ba a faɗa miki gaskiya ba. Wannan ba marin bayi ba ne. A Jakara aka ƙera shi, kuma ban fi shi tsufa da yawa ba. Ɗan mai gidan ne ya sami taɓin hankali, gida irin wannan kuwa ya gwammace a ce ɗansa ya mutu da a ce ya haukace."

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, wa ya faɗa maka?"

Ya ɗaga kai ya dubi 'yar kafar da ke kusa da azara.

"Ta can murya ke shigowa. A nan nake ɗaure, ina jin mutanen Koki a zaure suna yi wa mahaifina gaisuwar mutuwata."