Tawadar Allah

"Mayar masa da tawadarsa!" ta daka wa mai hoton Batsari tsawa.

Kwananta tara tana takaba. 'Yan bindiga sun ɗauke mijinta, sai ga hoton gawa dishi-dishi yana yawo a wayoyi. Duk ƙauyensu Yasore aka shaida shi da tawadar Allah a ƙarƙashin ido. Ta zo ne a gyara hoton, ta yi masa kallon ƙarshe.

"Inna, da magariba aka ɗauka. In ba haske, waya ɗige-ɗige take yayyafawa. Na share su, tawadar ta bi su. Dubi kuncin."

Bille ne ɓaro-ɓaro. Mijinta kuwa ba shi da zane ko ɗaya.

Ta yi wa mamacin addu'a. A bakin tasha ta sayi kwalli.