Bakan da Idwal Ya Bari

"Baba Emrys, faɗa mini darajarsa kawai in rabu da shi," in ji Nerys, ta dire dogon bakan gaban tsohon mai kimanta kayan tarihi.

Shi ke nan gadonta. Mahaifinta Idwal ya bar wa yayyenta maza gonar tumaki, ita kuwa wannan itacen da suka ce wai na kakanni ne. Tun tana yarinya yake korar ta daga filin harbi, yana cewa, "Bahaguwa ba ta riƙe baka." Da wannan fushin ta bar gida shekara talatin, ba ta dawo ba sai ranar jana'izarsa.

Emrys ya shafa itacen, ya girgiza kai.

"'Yata, wannan ba na kakanni ba ne. Bai wuce shekara talatin ba. Sassaƙar Idwal ce, na san hannunsa. Ko tsirkiya ba a taɓa ɗaura masa ba."

Ta yi dariyar takaici. "Har ya mutu bai daina raina ni ba."

"Tashi ki tsaya kusa da shi."

Ta tsaya. Ita da bakan kansu ɗaya.

"Da tsayin mai shi ake auna baka," in ji tsohon. "Kin ga farin ƙashin nan, inda kibiya ke kwanciya? Na kowa a hagu yake. Wannan a dama aka sa shi. A gidanku wa ke harbi da hagu?"

Nerys ta share hawayenta da hannun hagu.