Tafin Ƙafar Isikeli

Ƙaurin nama ne ya riga ihun isa wurin baƙin. Wasunsu har tafi suka fara, a zatonsu wannan ma yana cikin abin da suka tsallako teku zuwa Fiji su gani.

Apakuki ne durƙushe a tsakiyar ramin duwatsun wuta. Yayansa Isikeli, wanda ya gama taka duwatsun a gabansa lafiya lau, ya juyo ya fizgo shi ta ƙugu. Apakuki ya fito, amma fatar tafin ƙafarsa ba ta biyo shi ba. Tana can manne da dutse tana hayaƙi.

"Yaya, ka yafe min," Apakuki yake ta faɗa, ya ƙi ɗago ido.

"Rufe min baki, wasa ne ba a taɓa ɓatawa ba? Ku kawo ruwa!"

Tun kaka da kakanni mutanen tsibirinsu ke taka wuta, ko gashin ƙafa ba ya babbakewa. Dokar ma ba ta da yawa: kafin ranar ba a cin kwakwa, ba a kusantar mace, wanda kuma matarsa ke da ciki ba ya matsowa kusa da rami. Wutar nan ba ta cin mutum haka siddan. Wani ya karya doka, kuma kowa ya san sai an nemo shi.

Masu otal suka lallaɓa baƙin zuwa wurin rawa. Su kuwa masu taka wutar, ko ganyen ƙugunsu ba su kwance ba suka yi bayan kicin, suka jawo Eroni mai dafa musu abinci ta wuya.

"Kai ɗan tsibirin Lau, ku da ko ruwan sha sai kun matse masa kwakwa! Me ka zuba mana a gwazar jiya?"

"Na rantse da Allah gishiri ne kawai! Ku je ku duba tukunyar!"

Isikeli ne ya fara kai masa naushi. Haƙori biyu suka faɗo a kan siminti. Ya ƙara, ya ƙara, sauran suka rufa masa da ƙafa. Duk wanda ya gani zai ce ciwon ɗan'uwa ne ke cinsa, kuma akwai wannan. Apakuki ne ke riƙe masa gida da gonar rogo duk lokacin da aiki ya kai shi birnin Suva, bai taɓa cewa ya gaji ba. Amma abin da ya fi tunzura hannun Isikeli tsoro ne, domin shi ya san Eroni bai zuba komai ba.

Da safiyar ranar, yana ɗaura ganye a bakin kwalekwale, matarsa Litiana ta biyo shi ta ce masa tana da ciki. Shekara da shekaru suna nema, har ya daina zama cikin maza saboda tsokanar da ake masa. Don murna sai da ya ɗaga ta sama. Ita ko murmushi ba ta yi ba, sai tambaya: "Apakuki ma zai taka yau?" Ya ce har da shi, ya kuma ja mata kunne kada kowa ya ji zancen cikin sai gobe. Yau ne karon farko da Kawu Sakiusa, tsohon da ke riƙe da al'adar wutar, ya sa shi a gaban layi. Wa zai ajiye wannan ya koma cikin 'yan kallo? Ya taka da zuciya a baki, ya fito ƙalau, wutar ta huce a kan ƙaninsa.

Wani ya miƙa masa doguwar sandar da ake jera duwatsu da ita. Ya sauke ta a haƙarƙarin Eroni, aka ji ƙas. Eroni ya daina rantsuwa. Jini ya biyo kunnensa, ƙafarsa ɗaya tana shure-shure ita kaɗai.

"Ƙarasa shi!" in ji wani. "A ka!"

Isikeli ya ɗaga sandar. Can gefe, a kan tabarmar da aka shimfiɗe shi, Apakuki yana nishi. Ga ƙaninsa ya nakasa saboda shi, ga kuma bawan Allah zai mutu a kan laifin da ba nasa ba. Hannunsa ya ƙi saukowa. Ya yar da sandar, ya zube a gaban tsohon.

"Kawu, ku ƙyale shi. Ni ne. Litiana na da ciki, na sani, na taka. Ni na ƙona Apakuki."

Kawu Sakiusa bai yi faɗa ba, abin da ya ba kowa mamaki, shi da ke zagin mutum a kan itace ɗaya da aka jera a karkace.

"Ɗaga ƙafarka in gani."

Isikeli ya ɗaga. Tsohon ya goge tokar da babban yatsa, ya duba ta dama, ya duba ta hagu. Ko tabo babu. Ya waiga ya daɗe yana kallon tabarmar da Apakuki ke kwance a kai, sannan ya matsa a hankali ya sa ƙafa ya take sandar da ke kusa da hannun Isikeli.

"Ɗana, a bakin ramin nan na yi furfura, ban taɓa ganin wutar nan ta ɓata hanya ba," ya ce. "Ba ruwanta da wanda ya auri mace. Wanda ya yi cikin take ci."